Sunan da Kawu Ya Tafi da Shi

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Kawu, yayan mahaifiyata, ta zo ne wata Laraba da hantsi a gidansa na Bodinga, kafin la'asar kuma an kai shi makwancinsa. Waɗanda suka sallace shi ba su da yawa. Na ji maza suna faɗin haka a zaure ƙasa-ƙasa, kamar laifinsu ne.

Ba laifinsu ba ne. Shekara da shekaru, duk wanda ya rasu daga Sifawa har ƙauyukan bayan Shagari, a bakin Kawu ake jin rasuwarsa, a rediyo, bayan labaran safe. Da tasa ta zo, gidan rediyon yana garƙame da kwaɗon hukuma. Mu masu manyan wayoyi mun sa a Fesbuk da Wasap, hotonsa ya zagaya, matasa suka yi ta jera addu'a a ƙarƙashinsa. Amma tsofaffin da suka fi kowa saninsa ba a nan suke jin labari ba. Sai suka riƙa zuwa ɗai-ɗai, wani bayan kwana biyu, wani bayan an share makoki, kowa da ƙorafinsa.

Wanda ya fi karya mini zuciya wani amininsa ne daga Danchadi. Ina miƙa kwanon abinci a bakin zaure na gan shi ya sauka daga babur, rungume da ƙullin ganyen magani. Dubiya ya zo, don abin da ya ji shi ne Kawu ba shi da lafiya. Ya tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida. Ya dubi tabarmin, ya dubi ƙullin da ke hannunsa.

"Yaushe?" ya ce. Aka faɗa masa. Ya ce, "To ni wa za shi hwaɗa mani? Kullum da sahe sai na murɗa rediyo wurin tashar nan tashi, ko Allah ya sa an buɗe. Ba ni jin komi sai shuu." Ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba, ya ajiye ganyen a gefensa. Da ya tashi tafiya bai ɗauka ba.

Ba kowa ne ya zo da irin wannan zuciya ba, kuma ba zan ɓoye ba. Ma'aikatan gidan rediyon sun zo tare a mota ɗaya, suka yi addu'a, suka tashi tun kafin a kawo musu ruwa. A cikin gida kuwa wata ta ce, da ƙarfin da ta tabbata Inna, matar Kawu, za ta ji: "Allah shi jiƙan shi. Amma dai ya bar bayin Allah cikin wani hali." Inna ta gyara mayafinta, ta ce amin ga rabin farko, ta bar mata sauran.

Ni malamar makaranta ce, ba marubuciya ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, tun ba a naɗe tabarmi ba na ga an raba Kawu biyu. A waya matasa sun mai da shi gwarzon da ya ja da gwamnati. A majalisun gari wasu sun mai da shi tsoho mai taurin kai da ya rufe wa mutane hanyar abinci. Duka biyun ba su zauna da shi ba. Ni na zauna, mun ci tuwo a kwano ɗaya, mun yi faɗa, kuma ina ƙaunarsa fiye da yadda na taɓa faɗa masa.

Kawu ba shi da ido sosai. Tabaraunsa kauri gare shi kamar gindin kwalba, duk da haka sai ya kai takarda har hancinsa kafin ya karanta. Abin da Allah Ya rage masa a ido Ya ƙara masa a kunne. Yana iya tsayawa a kasuwar Shagari yana cinikin barkono, wani ya yi sallama ta bayansa, shi kuwa ko juyowa ba zai yi ba zai ce, "Ɗan mutanen Dingyadi, ina tsohonka da ciwon gwiwa?" Ya yi aiki a gidan rediyon gwamnati har ya yi furfura. Bayan ya yi ritaya wata ƙaramar tasha mai zaman kanta ta buɗe a birni, suka zo suka roƙe shi, ya karɓi shirin safe na manoma, wanda ake buga waya kai tsaye. A nan kunnen nan nasa ya zama abin kallo. Mutum zai ce salamu alaikum kawai, Kawu ya ambaci sunansa, da garinsu, ya tambaye shi ko saniyar nan ta haihu. Da yawa ba su da abin faɗi, suna bugowa ne don a gane su.

Shirin na noma ne, kuma Kawu ya iya bayani. Zai gaya maka ranar dashen albasa, da yawan ruwan da take so, da lokacin da za ka ɗauke mata ruwa don ta yi kai. Mutanen fadama suna bin maganarsa suna cika buhuna. Shi kuwa ɗan fegin da yake nomawa a bayan gari, albasarsa ba ta taɓa wuce girman goro ba. Duk shekara Inna takan zube ta a faifai ta ce, "Malam, ko dai albasar taka ba ta sauraren rediyo?" Shi kuma ya ce ƙasar wurin ce, kuma badi za ta gani.

Sanarwar rasuwa ce aikin da ya fi ɗauka da girma. Da murya ɗaya yake karanta ta mai kuɗi da ta talaka, a hankali, yana ba kowane suna haƙƙinsa. In an kawo masa ta mace an rubuta matar wane kawai, sai ya mai da mai kawowa ya je ya tambayo sunanta na yanka. Wata rana aka kawo ta wani babban mutum da jerin sarautu da muƙamai, ga kuma ta wata tsohuwa daga rugar bayan gari, lokaci kuma ba zai ɗauki duka ba. Kawu ya datse sarautun ya karanta ta tsohuwar. Da iyalan babban mutumin suka yi fushi, abin da ya ce da manajan tashar kawai shi ne, "Can inda yat tahi ba a tambayar rawani."

Yana da tambaya ɗaya da duk mai sauraronsa ya haddace. In mutum ya bugo da labari, ko na fari ne a gona ko na tsadar taki, kafin ya yi nisa Kawu zai tare shi: "Tsaya. Idonka yag gani, ko kunnenka yaj ji?" In ya ce ji ya yi, sai Kawu ya ce to a bari mai ido ya bugo. Har yara a ajina suna yi wa juna wannan tambaya in ana gulma.

Faɗanmu da shi a kan doka ne. Lokacin da aka fara maganar gwamnati za ta sa wa abin da ake rubutawa a soshiyal midiya linzami, ni ina cikin masu tayar da jijiyar wuya. Na je gidansa da zafina, ina tsammanin tsohon ɗan jarida zai mara mini baya. Sai na tarar yana ganin dokar ta ma yi latti.

Ya ba ni labarin wata ranar kasuwar Shagari da shi kansa yana ciki. Wata murya ta shigo wayoyin mutane, wani namiji yana haki yana cewa 'yan bindiga sun tare hanya, ga su nan shigowa. Kasuwa ta watse. Aka tattake wata tsohuwa mai sayar da nono, ƙugunta ya karye, ba ta sake taka ƙafarta zuwa kasuwa ba. Samari suka kama wasu baƙi biyu da suka kawo rago sayarwa, suka yi musu dukan kawo wuƙa. Ba ɗan bindiga ko ɗaya a ranar, kuma ba a taɓa gano wanda ya naɗi muryar ba.

"Wanga mai murya, ɗiyata," in ji Kawu, "hal yau shina cin tuwonai lahiya lau. Ke kin ce kar a taɓa shi?"

Na ce, "Kawu, ba shi dokar za ta kama ba. Ni za ta kama, ranar da na ɗauki hoton ajinmu da iska ta yaye wa rufi."

Ya ce sai a gyara masu riƙon dokar. Na ce wa zai gyara su. Ya ce gari ba ya zama ba ƙofa. Na ce ya danganta da wanda ke riƙe da mabuɗi. Daga nan baki ya kai ni inda na ce masa shi dama ɗan gwamnati ne, ya saba a miƙo masa takarda ya karanta. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Na ɗauki jakata na fita, na ɗauke ƙafa daga gidan. Sai ga shi wata safiya, tsakanin farashin gero da gaisuwar masu bugowa, na ji ya ce, "Ina gaida wata malama can Bodinga da ka hushi da kawunta. A hwaɗa mata an yi dambun zogale, in ba ta zo ba a ba kaji." Duk ɗakin malamai suka juyo suna kallona. Da yamma na je na ci dambun. Ra'ayina dai ban sauya ba, shi ma bai sauya nasa ba.

A 'yan shekarun nan da tsaro ya taɓarɓare, hukumar da ke sa ido a kan gidajen rediyo ta ja kunnensu: kada a bar mai bugowa ya ba da labarin hari wanda jami'ai ba su tabbatar ba, in ya fara a yanke layin. Kawu ya bi wannan umarni, kuma ba don tsoro ba, ya yarda da shi. Na sha jin mutum ya fara, shi kuma ya ce, "Mu bar nan, Allah shi kawo sauƙi," layi ya mutu.

Ranar da abin ya faru muna hutun damina, ina gida ina tankaɗen gari, rediyo a kan taga. Wata mace ta bugo. Ana jin hayaniyar kasuwa a bayanta. Ta yi sallama, na jira in ji Kawu ya ambaci sunanta kamar kullum. Bai ambata ba.

Ta ce, "Malam, ka gane ni."

Kawu ya ce, "Hwaɗi abin da ke tahe da ke."

Ta yi magana a natse, ba kuka. Ta ce sun ji an faɗa a rediyo lafiya ta samu, kowa ya koma gona, suka koma, aka ishe su can. An ɗauki mijinta a gabanta. Yanzu mata da yara a daji suke kwana. Sannan ta faɗi abin da ya girgiza kowa: wanda ke kai wa ɓarayin labarin wa ya sayar da sa, wa ɗansa ya aiko masa da saƙo daga kudu, yana cikin waɗanda aka ɗora su tsare yankin.

Kawu ya ce, "Idonki yag gani, ko kunnenki yaj ji?"

Ta ce, "Idona. Na gan shi tare da su bakin gulbi, suna raba goro."

Ba ta faɗi sunan garin ba, ba ta faɗi sunan mutumin ba. Daga baya muka ji cewa duk tsawon maganar, mai kula da injin tashar, wani matashi da Kawu ya ɗauka kamar ɗansa, yana bayan gilashi yana yi masa alama da hannu a yanke. Kawu ya ɗaga masa tafi ya hana. Kafin azahar muryar matar tana cikin kowace waya daga Bodinga har birni. Kafin mako ya ƙare an sa wa tashar kwaɗo.

Jami'ai sun bi lambar wayar, ta kai su wurin wani mai cajin waya a kasuwar Shagari, wanda ranar kasuwa kowa ke aron wayarsa. Ya rantse mata da yawa sun buga a ranar, duk cikin hijabi, ba zai iya rarrabewa ba. Sai aka dawo kan Kawu. Duk jiha ta san ba ya mance murya, ga shi kuma matar ta faɗa da bakinta cewa ya gane ta. Sharaɗin buɗe tashar ya zama ɗaya: ya faɗi sunanta.

Ina gidan ranar da jami'in hukumar ya zo. Na kai ruwa, na tsaya a bayan ƙofar zaure, kuma ban ji kunyar laɓewa ba. Na so a ce mugu ne, da labarin ya fi sauƙin bayarwa. Mutum ne mai ladabi. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya ce da muryar Kawu ya tashi, mahaifinsa ba ya karya kumallo sai da shirin.

Ya ce, "Baba, in gaskiya ta faɗa, muna buƙatarta don a kama mutumin. In ba gaskiya ba ce, ta tayar da hankalin jama'a, kuma akwai bayin Allah masu aikin tsaro da yanzu ake yi wa kallon ɓarayi. Ko ta wace hanya sai an ji daga bakinta. Kai da kanka ka sha faɗi cewa maganar da ba a san mai ita ba guba ce."

Kawu ya ce, "Na hwaɗi, kuma hal gobe ina bisa bakana. Amma hwaɗa mani, ɗana. In na ba ka sunan, kai ka miƙa ma na bisanka. Shi aika ma masu bincike. Su kau su aika ma na yankin su zo da ita. To wanda tac ce ta gani, cikin na yankin shi ke. Ka iya rantse mani sunan ba shi biyawa ta hannunai?"

Jami'in ya dubi tabarma. Ya ce, "Ba zan iya rantsewa ba, Baba."

"Allah shi yi maka albarka da ba ka yi mani ƙarya ba. Ni kau ba ni iya ba ka. Ni nib bar layin buɗe, ba yaran ga ba. Ku hana ni magana, ku buɗe masu wurin cin abincinsu."

An hana shi magana. Tashar kuma ba a buɗe ba.

Daga nan ne nauyin ya fara sauka, kuma ba a kansa shi kaɗai ba. Manaja ya yi ta zarya Bodinga, wata rana da lallashi, wata rana da faɗa, wata rana da wani malami da ya ɗauko don ya yi wa Kawu nasiha a kan haƙƙin mutane. Masu karanta labarai suka watse. Mai injin, da ke da mata da ƙananan yara, ya ari babur ya shiga kabu-kabu. Kawu ya aika masa da buhun gero, aka dawo da shi ko kwance bakinsa ba a yi ba.

Wata rana Kawu zai je asibiti a birni, ya tsayar da babur a bakin tashar mota. Mai babur ya rufe fuska da rawani, ya ce, "Ina za ka?" Kalma uku sun ishi Kawu. Ya gane mai injin ne, ya hau, suka tafi. Da ya sauka a ƙofar asibiti, mai injin ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Baba, na ce maka ka yanke." Kawu ya ce, "Ka ce." Mai injin ya ce, "To." Ya tayar da babur ya tafi. Kawu da kansa ya ba ni wannan labari, kuma a nan ne kaɗai na taɓa jin muryar nan tasa ta ƙi fita daidai.

Ni kuwa na je masa da guɗa a baki. Na ce, "Kawu, yanzu ka ga abin da nake faɗi. Ga dokar taka ta cije ka." Na ce ya bar ni in rubuta a Fesbuk, mu tara jama'a, mu yi ta ihu har a buɗe.

Ya ce kada in kuskura. Duk ƙarin hayaniya ƙarin neman matar ne. Sannan ya ƙi karɓar rigar gwarzon da na zo sa masa.

"Ke kina ganin na ci? Ban san ko dukkan abin da tac ce haka na ba. Na san muryarta tun tana amarya, na san ba maƙaryaciya ba ta. Amma mai gaskiya na iya ganin kuskure cikin tsoro. Wataƙila na bari an ɓata wani bawan Allah. Yaron ga na hukuma da yaz zo, rabin maganatai daidai ta. Abu guda nis sani: ko ta yi daidai ko ta yi kuskure, in sunanta ya hita bakina, an gama da ita."

Na tambaye shi, to tana nan da rai? Ya ce bai sani ba. Tun ranar ba ta sake bugowa kowa ba, ba ta aiko ba, shi kuma ba ya iya tambaya, don tambayar kanta nuni ce. Wannan ne ya fi cinsa. Ya rufe tasha, ya rasa yaron da yake ƙauna, ya jawo wa gidaje yunwa, kuma bai san ko wadda ya yi dominta tana numfashi ba. Na tambaye shi ko wace ce, don ni ma 'yar Adam ce. Ya ce in duba masa ko albasar bana ta fara kai.

Bayan haka ya riƙa tashi da safe kamar da, ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya zauna a zaure daidai lokacin shirin. Mutane ba su daina kawo masa sanarwar rasuwa ba, don ƙafa ta saba. Sai ya karɓa, ya tambayi sunan mamacin sosai, ya riƙa faɗa wa duk wanda ya gifta ta ƙofar gida: mai ruwa, mai kai niƙa, direban da zai bi ta Sifawa. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Ni na san aikinsa yake yi da abin da aka bar masa.

Ciwon ajalinsa zazzaɓi ne mai zafi da ke tashi da rana tsaka. Da ya gane yana sambatu in jikin ya hau, sai ya kira Inna ya ba ta umarni biyu. In zazzaɓin ya taso a fitar da kowa daga ɗakin, har ita. A kuma kunna rediyo da ƙarfi a bakin ƙofa, kowace tasha ce. Masu dubiya suka yi ta mamaki, mara lafiya kwance ana kiɗa a kansa, wasu har suka zargi Inna da rashin tausayi. Ta zauna a tsakar gida tana hawaye, tana ƙara murya in ta ji ya fara magana. Da haka ya cika, ba wanda ya ji komai.

Muna cikin zaman makoki, ranar da ta dace da kasuwar Bodinga, lokacin da motocin ƙauyuka ke shigowa, wata mace ta shigo ɗakin Inna. Ba yarinya ba ce, ba tsohuwa ba. Hijabinta ya koɗe, ƙafafunta sun nuna ta yi tafiyar ƙasa kafin ta sami mota. Laɓɓanta sun motsa da sallama, amma sauti bai fito ba. Ta durƙusa gaban Inna, ta kama hannunta da hannu biyu, ta daɗe a haka. Inna ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Daga ina?" Ta sunkuyar da kai kawai. Ta koma jikin bango kusa da randa ta zauna, hawaye na zuba, ba ta sharewa. Aka miƙa mata fura, ta girgiza kai.

Ɗakin cike yake da mata. Aka fara raɗa, ko bebiya ce. Goggo, ƙanwar kakanmu, wadda ba ta barin abu ya wuce ta, ta matso ta dafa gwiwarta ta ce, "Ke ɗiyar wa ta? Ba a ta'aziyya da baki ruhe. Hwaɗi mu san wa munka gani."

Na dubi ɗakin. Kusan kowace mace da waya a cinyarta, kuma ba wadda ba ta saurari muryar matar nan da ta bugo wa Kawu ba har ta haddace ta. Ni kaina na san inda take jan numfashi. Na ga matar ta ɗago kai, ta rasa mafita, ladabi zai sa ta amsa wa tsohuwa.

Na miƙe na ce, "Goggo, baƙuwata ce, uwar wata ɗalibata. Haƙori ke damunta, ba ta iya buɗe baki." Na kama hannunta na ja ta, muka bi ta ƙofar baya zuwa lungun da ke fita tashar mota.

Ba kowa a lungun sai awaki. Ta tsaya, ta juyo ta dube ni sosai, ta ja numfashi, ta buɗe baki.

Na ce, "Don Allah, Yaya, kada ki ce komai. Ta'aziyyarki ta iso."

Ta rufe bakin. Ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfi har ya yi mini zafi, sannan ta saki ta tafi. Na koma cikin gida tun ba ta kai kwana ba, don kada in ga motar wane gari za ta shiga.

Wataƙila ita ce. Wataƙila wata ce daban da baƙin ciki ya ɗaure wa harshe, wadda Kawu ya taɓa karanta sunan uwarta daidai. Manaja ya zo bayan an share makoki, ya tambaye ni ko Kawu ya bar wata magana. Na gaya masa gaskiya: ban san suna ba, ban ji murya ba. Tashar tana rufe har yau, mai injin yana kan babur, kuma in na gamu da matarsa a kasuwa ni ce ke fara sunkuyar da kai.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yafe maka abin da ka ɗauka na mutane, Ya buɗa wa waɗanda ka bari cikin ƙunci. In ita ce, tana raye. Da ƙafarta ta zo.